Wurin Gani a Ƙeya Ya Ke

'Yan'uwana ɗalibai, wanda ya taɓa faɗuwa rigingine ya bugi ƙasa da ƙeya ya san ya kan ga kamar walƙiya, alhali kuwa ba abin da ya taɓa idonsa. Dalili shi ne, ido ɗan aike ne kawai. Mai karɓar saƙon yana can bayan kai, a ɓawon ƙwaƙwalwa, inda masana ke kira wurin gani na fari, ko V1 a taƙaice. Mutum da biri da kyanwa da akuya da ɓera, duk mai shan mama yana da shi.

Ga yadda saƙon ke tafiya. Haske ya shiga ido ya faɗi a kan wani tantani da ke can ciki. Daga nan jijiyar gani ta ɗauka, ita kuwa a mutum zare ne sirara fiye da miliyan ɗaya aka tufka wuri guda. Jijiyoyin idanun nan biyu su kan gamu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, kusan rabin zaren kowace ya ƙetare zuwa ɗaya gefen. Sabo da haka abin da ke hagunka, ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ne ke ganinsa, na damanka kuwa sai ɓangaren hagu. Su kan yi zango ɗaya a tsakiyar kai, sa'an nan su isa ƙeya.

Ɓawon nan kaurinsa bai wuce milimita 2 ba, amma hawa shida ne, a hawa na huɗu kuwa baƙin nan ke sauka. A nan akwai wani farin layi da a ke iya gani ba tare da madubin likita ba. Wani ɗalibin likita a Parma ta ƙasar Italiya, Francesco Gennari, shi ya fara lura da shi a 1776. Ɗalibi ne fa kamarmu.

Wurin shimfiɗe ya ke kamar taswira. Wani likitan ido na Japan, Tatsuji Inouye, ya duba sojojin da harsashi ya sama a ƙeya a yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905. Ya tarar kowane rauni yana da nasa gurbin makanta a cikin abin da sojan ke gani, ko da ya ke idanunsa lafiya lau. Taswirar a kife ta ke, sama ta koma ƙasa. Kuma ba a raba filin daidai ba, gama ɗan tsakiyar nan da ka ke kafa wa ido sa'ad da ka ke karatu shi ya cinye kusan rabin wurin.

To, amma me ƙwayoyin wurin ke yi da saƙon? Wannan sai a 1959 David Hubel da Torsten Wiesel suka bayyana, suna aiki a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Suka sa wa kyanwa maganin barci, suka cusa wata siririyar waya cikin ɓawon, suka haɗa ta da lasifika, yadda in ƙwaya ɗaya ta motsa sai a ji ƙara. Suka yi ta haska mata ɗige-ɗige da majigi, shiru. Ana nan, suna cikin zura gilashin majigi, sai inuwar bakin gilashin ta gilma, lasifika ta kama ƙara kamar ana suyar gyaɗa. Ashe ƙwayar nan ba ruwanta da ɗigo, layi ta ke so, kuma layin da ya karkata yadda ta ke so. Wata sai layi a tsaye, wata a kwance, wata a jirkice, wata kuma sai layin yana tafiya. Masu son iri ɗaya a jere su ke daga saman ɓawon zuwa ƙasansa, kamar yadda masu goro ke da layinsu a kasuwa, masu yadi da nasu. A ɓera ne dai aka tarar da su a cakuɗe. Watau in yaro ya dubi harafin A a allo, wurin nan layi biyu a jirkice da ɗaya a kwance ya ke tsinta, sai wurare na gaba su harhaɗa su.

Har wa yau, a kyanwa da biri da mutum, idon dama da na hagu kowanne yana da nasa kunyoyi a hawa na huɗu, ɗaya na bin ɗaya, kamar kunyar gero da ta dawa. A nan ne abin ya shafe mu, mu malamai. A 1963 mutanen nan biyu suka rufe wa 'yan kyanwa ido ɗaya tun suna jarirai. Da aka buɗe bayan wata biyu ko uku, idon ba abin da ya same shi, amma ba ya gani, gama buɗaɗɗen idon ya ƙwace ƙwayoyin ɗan'uwansa. Da aka yi wa babbar kyanwa haka, ba ta makance ba. Sun sami lambar Nobel a 1981.

Ɗan Adam ma haka ne. Yaron da ya ke harara-garke, ko aka haife shi da yana a ido ɗaya, ko ido ɗaya ya fi ɗaya rauni ƙwarai, ƙwaƙwalwarsa ta kan yi watsi da wannan idon. In aka gane da wuri, likita ya kan ba shi tabarau, ya rufe mai ƙarfin na 'yan sa'o'i kullum don raggon ya yi aiki. Bayan shekara bakwai ko takwas gyaran ya kan yi wuya.

Sa'ad da na ke koyon koyarwa a wata firamare a Malam Inna, na sa 'yan aji ɗaya kowa ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya karanta mini baƙaƙe a allo, sa'an nan ya sauya. Wani yaro ɗan shekara shida ya karanta sarai da na dama, da ya rufe shi sai ya tsaya yana leƙe ta tsakanin yatsu. Shi kansa bai taɓa sanin haka ba, balle iyayensa. Na rubuta wa mahaifinsa takarda ya kai shi sashen ido na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe. Gwajin aji duka bai ci mini rabin sa'a ba, kuma ban da alli ba abin da na kashe.