Darasi na 14: Kuka da Shukar Ado

A gidajen birni mukan ga shuka mai faffaɗan ganye cikin tukunya. Shukar ado ke nan. Asalinta daga kurmi ne, inda ruwa ke da yawa. Ba ta son rana, sai inuwa. In an bar ba ta ruwa sai ta yi yaushi. Ba a cinta. Waɗansu ma suna da dafi, kada yara su tauna.

Kuka kuwa tamu ce. Tana ajiye ruwa a jikinta, don haka tana jure fari. Da ganyenta muke miya. Garin 'ya'yanta muna damawa da nono. Da ɓawonta muke tufka igiya.

Amma yawancin kukokinmu tsofaffi ne, awaki kuma suna cinye ƙananan. In ba mu shuka ba, da me jikokinmu za su yi miya?

Ƙwayar kuka tana da tauri. Mu jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana. Mu shuka da farkon damina. Mu kewaye ta da ƙaya.

Tambayoyi
1. Me ya sa kuka ke jure fari?
2. Don me za mu kewaye ta da ƙaya?