DARASI: YADDA ZA MU GANE MAKARANTAR WAYA MAI KYAU

'Yan'uwa manoma, karatu daga nesa ya daɗe a ƙasarmu. A 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, ta riƙa koyar da malaman ƙauye ta hanyar takardu. A watan Maris 2020 cutar korona ta sa aka rufe makarantu, yaran Kano suka koma sauraron darasi a rediyo da talabijin. A 2022 Gwamnatin Tarayya da UNICEF da Microsoft suka buɗe Nigeria Learning Passport, makaranta ce ta intanet, har da darussa cikin Hausa.

Amma samun makaranta a waya bai isa ba. Ku duba unguwa kamar Ƙofar Mazugal a Ƙaramar Hukumar Dala, cikin ganuwar Kano. Nan birni ne, ga kasuwa ga hanya, duk da haka a gidaje da yawa waya ɗaya ake rabawa, wutar lantarki kuma ba kullum ba. In haka ne a birni, ina ga ƙauye? Saboda haka kafin ƙungiya ta kashe kuɗinta a kan waya ko data, sai ta auna abubuwa biyar.

1. Harshe. A sami darasi cikin Hausa, da murya, domin wanda bai iya karatu sosai ba ya ji da kunnensa.

2. Nauyi. Hoto mai motsi yana cin data fiye da murya, murya kuma fiye da rubutu. Darasi mai kyau ana iya sauke shi ran kasuwa inda akwai sabis, a karanta a gida.

3. Ƙofar shiga. In sai an cika dogon fom kafin a ga darasi na fari, da yawa za su juya. Lambar waya da suna sun isa.

4. Alama. Mai karatu zai tashi ya ba dabbobi ruwa. In ya dawo, ya tarar da darasi inda ya tsaya. In yara uku ke raba waya, kowa ya sami sunansa dabam.

5. Mai amsa tambaya. Wanda ya maƙale bai sami mai taimako ba, yakan bar karatun ɗungum.

Ga yadda za ku gwada. Wani masani ɗan Denmark, Jakob Nielsen, ya nuna a 2000 cewa in mutum biyar suka gwada abu irin wannan, za a gano yawancin wahalolinsa. To, ku zaɓi biyar: tsoho, mace mai goyo, saurayi, da yara biyu. Ku ba kowa wayar, ku ce ya nemo darasi ɗaya da kansa. Kada ku nuna masa. Magatakarda ya rubuta inda kowa ya tsaya. In uku suka tsaya a wuri guda, laifin na masu ginin ne, sai ku sanar da su ko ku nemi wata.

Tambayoyi domin taronku:
(a) Wayoyi nawa ne cikin ƙungiyarku ke iya shiga intanet?
(b) Wa zai riƙe wayar ƙungiya, a ina za a yi mata caji?
(c) Wace rana za a ba mata da 'yan mata wayar?