SHANYAR LALLE DA AJIYARSA

Lalle yana cikin kayan adon da ba a rasawa a gidajen birnin Kano. Ana sayar da shi a Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). Da ganyensa mata ke ƙunshi, farin furensa kuwa don ƙanshi ake nemansa. Amma mai yawa yakan lalace tun wurin shanya. Ga hanyar da ta dace:

1. A tsinka da hantsi, bayan raɓa ta bushe. Kaka ta fi damina kyau, gama iska ba ta da laima.

2. A baza ganye bisa tabarma a inuwa, a riƙa juyawa. Rana mai zafi tana rage masa ja.

3. Fure kuwa a ɗaure shi ƙananan dami, a rataye kansa ƙasa a ɗaki mai shan iska.

4. In ganye ya bushe har yana marmashewa, a daka, a tankaɗe, a zuba a tukunya mai murfi. Wanda aka rufe da sauran danshi sai ya yi fumfuna.

Lalle na ainihi ja yake kamawa. Baƙin lallen da ake gaurayawa da rinin gashi yakan ƙone fata, ya bar tabo.

Ana roƙon Hakimai su sa malamansu su karanta wa masu unguwa wannan bayani, domin ya isa cikin gidaje.