Taya Ba Ta Mantuwa

Ɗana, daren Juma'ar nan ina tsakar gida na jiyo ka buga tebur kana cewa wasan ne ya cuce ka. Da na leƙo, sai na ga tayarka ta gaba ta hagu ta yi jawur a jikin allo, motar kuma tana miƙewa a kwana kamar ba ta jin sitiyari. Ban tanka ba a lokacin, don mai fushi ba ya jin kira. Yanzu da ka huce, matso in gaya maka abin da na gani. Shekara talatin da ɗoriya na yi a gareji, kuma tun da ka kafa sitiyarin nan a ɗakinka nake zama bayanka ina kallo, wani lokacin in karɓa in gwada. Motar ta cikin kwamfuta ce, amma tayar da suka kwaikwayo na san halinta.

Roba tana da zafin da take so. In ta yi sanyi sai ta sandare, ba ta kama kwalta. In zafi ya yi mata yawa sai ta saki, ta riƙa santsi kamar an shafa mata mai. A Assetto Corsa Competizione ɗin da kake bugawa, wanda kamfanin Kunos na Italiya ya fitar a 2019 da tayoyin Pirelli, tayar busasshiyar hanya tana jin daɗin aiki tsakanin digiri 70 da 100. Shuɗi a allo sanyi ne, kore lafiya, ja kuwa kuka take yi.

To wa ya sa ta kukan? A Monza kuke tseren, filin da manyan kwanoninsa, Curva Grande da Lesmo biyu da Parabolica, duk dama suke juyawa. Nauyin mota a kwanar dama kan tayoyin hagu yake komawa, don haka ta gaba ta hagu ce jakar kaya. Na lura da hannunka a Parabolica. Kana shigowa da gudun da ya fi ƙarfin tayar, gaban motar ya ƙi juyawa, sai ka ƙara murɗa sitiyari. Daga nan tayar ta daina gangarawa yadda ya kamata, gurzar kwalta take yi ta gefe, kamar a ja buhun hatsi a kan siminti. Gurzar ta haifi zafi, zafin ya rage kamu, rashin kamun ya sa ka ƙara murɗawa a kwana ta gaba. Zagaye huɗu kana wannan, kana ganin ƙoƙari kake yi, alhali da hannunka kake gasa ta.

Abin da nake so ka riƙe shi ne zafin taya hawa biyu ne. Akwai na fata, wanda zamewa ɗaya take tayar da shi nan take, ya kuma sauka kafin ka gama miƙaƙƙiyar hanya. Akwai na cikin jiki, wanda yake taruwa a hankali, in kuma ya taru sai ka yi zagaye biyu ko uku kana lallashi kafin ya sauka. Wannan na biyun ne ya kayar da kai. Taya ba ta mantuwa, abin da ka yi mata a zagaye na uku shi take biyan ka a na bakwai. Maganin ba ya da daɗi ga matashi, na sani: ka taka birki 'yan mitoci kafin inda ka saba, ka sake shi a hankali yayin da kake juyawa, ka ba sitiyari gwargwadon abin da tayar za ta iya ɗauka, kada ka danna totur sai hancin motar ya kalli mafita. Za ka ga wani ya wuce ka. Bar shi. Sau da yawa wanda ya wuce ka yana ƙona tayarsa za ka tarar da shi yana tangaɗi kafin a gama.

Sai batun saiti. Na ga kana kwaso na wasu daga intanet kana ɗorawa ba tare da ka duba yanayin ranar ba. Wanda ya tsara shi wataƙila da sanyin safiya ya gwada, kai kuma tserenku a cikin wasan da rana tsaka ne. Iska tana kumbura da zafi, duk mai faci ya san wannan. Tun gyaran da aka yi wa wasan a 2023, awon da ake nema shi ne psi 26 zuwa 27 bayan taya ta ɗau zafi, ba lokacin da take tsaye a gareji ba. Kafin nan wajen 27.5 ake bi, shi ya sa tsofaffin bidiyo za su ɓatar da kai. Masu wasan suna lissafin kusan psi 0.1 ga kowane digiri ɗaya da yanayi ya canza: rana ta ƙaru ka rage iska, ta ragu ka ƙara. Ka kuma karanta lambobi ukun nan na zafin taya, na ciki da tsakiya da waje. Tsakiya ta fi zafi, iska ta yi yawa. Gefen ciki ya zarce na waje da nisa, karkatar tayar ta yi yawa. Har zafin birki yana bi ta ƙarfen wili ya shiga taya, don haka buɗe hanyar iskar birki kan sauke shi. Amma abu ɗaya za ka taɓa a lokaci guda, ka gwada, sannan ka taɓa wani. Bakaniken da ya kwance wuri biyar a tare ba ya sanin wanne ne ya gyara motar.

Sanyi ma yana da nasa haɗarin, kuma shi ya fi damuna, don a nan haƙƙin wasu yake shigowa. A 2023 aka hana ɗumama taya kafin a ɗaura ta a mota a gasar duniya ta dogon tsere. A Spa ta ƙasar Beljiyam, Antonio Fuoco ya fito daga wurin canjin taya da Ferrari, motar ta ƙwace masa ya daki shinge, har aka dawo da ɗumama taya a tseren Le Mans na shekarar. Ƙwararre ke nan da wannan ce sana'arsa. Kai kuwa a zagayen farko kana tunkarar kwanar farko ta Monza da mugun gudu, iskar tayarka ba ta kai ba, kana so ka wuce mota biyar a birki ɗaya. Motocin nan da ke gabanka mutane ne, wani ya yi mako yana shiri, wani ya hana kansa barci. In ka kwashe su, ba hoto ka ɓata wa dare ba.

Kada kuma ka bi 'yan dabara. A tseren awa 24 na Spa da iRacing, wani wasan tsere irin naka, ta shirya a 2022, wasu sun gano cewa in suka ɗora taya a kan ciyawa tana hucewa da sauri, suka riƙa yi da gangan, har magana ta yi yawa aka toshe kafar. Wanda ya saba da irin wannan, ranar da aka toshe ba shi da abin da zai koma wa.

A iRacing ɗin ma ba a nuna maka zafin taya kana cikin gudu, sai ka shiga gareji. Da jiki ake ganewa: sitiyari ya yi sakayau a hannu, ƙarar tayar ta canza. Hakan yana tuna mini direbobin manyan motoci a hanyar Kano zuwa Maiduguri lokacin bazara. In sun tsaya a Potiskum, kafin su nemi abinci sai sun zagaya mota suna ɗora bayan hannu a kan kowace taya, wadda ta fi 'yan uwanta zafi a tsaya a duba ta.

Gobe bayan la'asar, kada ka shiga tsere da kowa. Buɗe Monza kai kaɗai, ka sa zafin rana irin na ranar Juma'a, ka yi zagaye goma ba ka neman lokaci. Zan zauna gefenka da takarda da biro, ina rubuta awon iska da zafin tayar hagu duk zagaye. Allah ya yi maka albarka, je ka kwanta.