Wane Launi Ya Dace da Bargon Sojan da Ya Ji Rauni?

TAMBAYA

Ni tela ce a Sabon Birnin Gobir. Muna da 'yar ƙungiya ta mata masu ɗinki, wasunmu suna nan, wasu suna Isa, wasu kuma gudun hijira ya kai su Sakkwato. Mun daɗe muna tara ƙyallayen da ke ragewa in munka yanka kaya. Bara ƙanena soja ya dawo gida da ƙafa guda, na kuwa ga yadda sanyi ke cin dungun nan da dare har ya hana shi barci. Shi ne munka ce bari mu haɗa ƙyallayen ga mu ɗinka barguna, mu ba sojoji da sauran jami'an tsaro da sunka ji rauni wurin kare mu. To sai gardama ta tashi kan launi. Wasu sun ce kore da fari irin na tuta, wasu sun ce ja da baƙi irin na soja, wata ma ta ce mu nemo yadi mai roɗi-roɗi irin kakinsu. Ni dai raina bai kwanta ba. Don Allah ki ba mu shawara.

Wata tela, Sabon Birni

AMSA

Allah ya ba ƙaninki lafiya, ya sa kaffara ne, ya saka muku da alheri. Matan da su kansu ba su gama fita daga wahala ba, amma suka tuna da wanda ya zubar da jini dominsu, sun cancanci a zauna a ba su amsa a natse.

Rashin kwanciyar ranki yana da dalili. Duk launukan da 'yan'uwanki suka kawo, da idon mai bayarwa aka zaɓe su: muna so ya san mun san shi soja ne, muna so ya ga mun gode. Niyya ce mai kyau. Amma ku da kuka ɗinka bargon, ganinsa za ku yi na ɗan lokaci ku miƙa. Shi kuwa zai kwana da shi, ya tashi da shi, ya zuba masa ido tsakar dare lokacin da ciwo ya hana barci kuma kowa a gidan ya yi shiru. Don haka kafin almakashi ya taɓa yadi, ku tambayi kanku: mutumin da ya ga abin da ya gani a daji, in ya kalli wannan launi, ina zai kai tunaninsa? Gida, ko can inda aka harbe shi?

Zan fara da mai roɗi-roɗi, domin shi ne kaɗai zan ce muku a'a kai tsaye. Doka ta hana farar hula amfani da kakin soja, kuma ku matan da za ku sayo yadin ku bi da shi ta shingayen bincike kuna iya jawo wa kanku tambayoyin da ba ku shirya musu ba. Abin da ya fi wannan nauyi kuwa, kin fi ni saninsa. A ƙasarku kaki ya daina zama shaidar aminci, tunda 'yan bindiga ma da shi suke shigowa gari. Yaron da ya taɓa ganinsu cikin wannan shiga, in ya gan ta shimfiɗe a gadon babansa, ba daɗi zai ji ba. Sannan bargo abin wanki ne, kuma a kan katanga ko igiya ake shanya shi. Bargo mai kalar soja a shanye tallar gida ne ga masu kai wa ɓarayin daji rahoto. Yankin da aka afka wa sansanin jami'an tsaro na Burkusuma a watan Satumban 2021 aka kashe fiye da goma, yankin da aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, aka kashe shi a hannun masu garkuwa a watan Agustan 2024, ba wurin da za a sa wa gidan gurgu alama ba ne. Saboda haka nan kada ku ɗinka sunan mutum ko muƙaminsa ko lambarsa a fuskar bargo. In kuna son barin shaida, ɗan ƙyalle a kusurwar ciki mai ɗauke da kalmar godiya da shekara ya wadatar.

Maganar tuta kuma, na san inda ta samo asali. A Amurka akwai wata ƙungiya, Quilts of Valor, wadda wata uwa mai suna Catherine Roberts ta kafa a 2003 lokacin da ɗanta yake yaƙi a Iraƙi. Mata ne galibi suke ɗinka barguna su lulluɓa wa sojojin da yaƙi ya taɓa, kuma yawancin bargunan ja da fari da shuɗi ne, launin tutarsu. Can abin ya karɓu, domin su tutarsu har riga da hula suke yi da ita. Mu nan sojan da ya daɗe a fagen daga, wurin da ya fi ganin kore-fari-kore shimfiɗe a kan mutum shi ne ranar binne abokin aikinsa, lokacin da ake rufa wa gawa tuta. Ki kwatanta shi kwance a miƙe, an ja masa wannan launi har ƙirji. Ba za ku so haka ba, shi ma ba zai faɗa muku ba, don kunya. Zai karɓa ya yi godiya, ya naɗe ya tura ƙarƙashin gado. Fari zalla ma haka yake. Duk darajar farin tufa a wurinmu, farin alawayyo a kan majinyaci likkafani yake tuna wa mai jinya da wanda ake jinya. Ga kuma ƙurar hunturu da ba ta barin fari ya kwana biyu da haskensa.

Ja da baƙi launin tutar rundunar sojan ƙasa ne, gaskiya, kuma akwai tsohon sojan da zai yi alfahari da su. Sai dai ja mai faɗi a kan mai rauni jini ne a ido, musamman ga wanda yake firgita cikin barci ya farka bai gama sanin inda yake ba. Malamai ma sun yi saɓani kan namiji ya lulluɓa da ja zalla wanda ba a sirka shi da komai ba, to me zai sa ku ba mutum kyautar da za ta sa shi waswasi? Ja ya shigo, amma siriri, kuma wanda ya nuna ya koma ruwan hanta ko makuba.

Kada wani ya ce muku ɗinkin nan baƙon abu ne kuka aro. Ɗinka yadi biyu da auduga a tsakani, a bi shi da layin allura don kada audugar ta taru wuri ɗaya, shi ne lifidi, kuma kayan yaƙi ne tun asali. Tarihin Kano ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali ga Sarki Kanajeji, wajen shekara 600 da suka wuce. Gobir kuwa, da kufan Alƙalawa ke nan kusa da ku, ƙasar mayaƙa ce tun kafin Bawa Jan Gwarzo har faɗuwar birnin a 1808. Masu ɗinkin lifidi kan cusa audugar rimi, su yi wa fuskarsa ado da launuka masu ɗaukar ido, kamar yadda har yau ake gani jikin dawakan 'yan lifida a hawan sallah. Launin nan an yi shi ne don a hango barde daga nesa, gaban abokin gaba ya faɗi. Naku aikin kishiyar wancan ne. Wancan na mai fita ne, naku na wanda ya dawo. Ku ɗauki dabarar ɗinkin, ku bar wa doki ƙyalƙyalinsa. Audugar rimin ma ku bar ta: tana dunƙulewa in an wanke, kuma wuta na kama ta nan da nan.

To me za a zaɓa? Ni a ganina uwar bargon ta zama shuɗi, irin na baba. Launi ne da idon Bahaushe ya saba da shi tun yana goye, a zanen kakarsa, a saƙi, a rawanin dattawa, a ratsin luru da gwado. Ba ya nuna datti da wuri, kuma ido yana hutawa a kansa. Ku haɗa mai duhu da mai haske har zuwa ruwan bula, sannan ku sirka da ruwan ƙasa, ruwan toka da ruwan zuma. Kore ma yana da gurbi babba, tunda Alƙur'ani ya siffanta tufafin 'yan Aljanna da shi, kuma mutumin karkara ba abin da ke faranta masa rai kamar gero ya rufe gona. Amma ku nemi kore mai duhu irin na ganyen mangwaro ko algashi mai taushi, ku nisanta shi daga fari don kada ya koma tuta, ku kuma guji wanda ya yi kama da kaki. Cikin ƙyalle goma, shida su zama masu sanyin nan, uku matsakaita, ɗaya kacal mai haske, ruwan goro ko ruwan ɗorawa. Wannan ɗayan kamar gishiri ne a miya: in babu shi bargon zai yi kama da zaman makoki, in ya yi yawa ya hana ido sakat.

Zanen ma ya zama mai natsuwa. Ratsi dogaye ko murabba'ai manya sun fi ƙananan yanka masu karo da juna, domin wanda ƙarar bam ta taɓa kansa ko idonsa, zane mai hayaniya yakan sa masa jiri ko ciwon kai. An ruwaito cewa cikin tufafin da Manzon Allah (SAW) ya fi so akwai mayafin Yaman mai ratsi, ga wadda take neman abin koyi. Kafin ku ɗinka, ku jera ƙyallayen a kan tabarma, ɗayarku ta ɗauki hoto da waya ta mayar da shi baƙi da fari. Nan take za ku ga inda duhu ya taru wuri guda da inda haske ya yi tsalle shi kaɗai, sai ku sassauya.

Abin da masu ɗinki suka fi mantawa shi ne cikin bargon, wato shafin da ke taɓa fata. Shi kam kada ya yi duhu. In ɗinkin likita ya buɗe, ko ciwo ya fara ruwa, matarsa ko nas tana bukatar ta gani da wuri, shuɗi mai duhu kuwa ɓoyewa zai yi. Ku sa akoko wankakke ko yadi ruwan madara ko toka mai haske. Kuma komai ya zama auduga. Yadin roba yana riƙe zufa, yana sa tabo ƙaiƙayi, kuma in tartsatsin kaskon wuta ya faɗa masa narkewa yake ya manne a fata. Wanda jijiyarsa ta mutu ba zai ma ji ba sai ya ƙone. Rinin baba yana zuba, don haka ku wanke shi sau da yawa har ruwan ya fito garau, sannan ku jiƙa gefe ku goga a farin tsumma. In ya bar shaida, bai isa hawa kan bandeji ba. Turkuɗi mai ƙyalli irin na Kura, duk kyansa, an yi shi ne ya bar shuni a jiki, ba na wannan aiki ba ne. Duk ƙyallen da ya fito daga buhun ragowa a wanke shi, a shanya a rana, a goge kafin a yanka.

Cikin buhun nan za ku ci karo da atamfar kamfe mai hoton ɗan takara ko alamar jam'iyya. Ku ware ta. Haka duk yadi mai rubutun aya ko sunan Allah, domin bargo yana sauka ƙasa, yana rufe ƙafa. Ku tuna kuma ba duk wanda ya ji rauni a hanyar Isa ko Gatawa ne Musulmi ko Bahaushe ba. Akwai ɗan Binuwai, akwai ɗan Inugu, akwai Bayarabe abokin wasanku na gado, wanda ya baro uwarsa a Ogbomosho ya zo ya rasa hannu a ƙasar Gobir. Shuɗi da ruwan ƙasa ba su tambayar mutum addininsa, Yarbawa ma da baba suke rina adirensu.

Inda kuka san mutumin, kamar ƙaninki, kada ku yi masa zaɓi a ɓoye don ku ba shi mamaki. Ku kai masa ƙyalle uku ko huɗu ya nuna da kansa. Tun ranar da ya ji rauni wasu ne suke yanke masa komai: lokacin magani, lokacin juyi, wanda zai ɗaga shi. Ko wannan ɗan zaɓin kuka bar masa, kun mayar masa da wani abu na girmansa. In ya ce ja yake so, ku ba shi jansa. Duk abin da na faɗa a sama kan launi, ban da na kaki, na wanda ba ku sani ba ne. Ku roƙi matarsa ko mahaifiyarsa guntun tsohon zaninta ku saka a tsakiya ko a gefen da zai riƙa kamawa, zai gane shi ko da hasken fitilar waya.

Girman bargo ya bi halin mai shi. Na gado ya kai kamar mita biyu a tsawo, ɗaya da rabi a faɗi. Na mai keken guragu kuwa ya tsaya wajen mita ɗaya kowane gefe, ba geza, ba igiya, don kada taya ta cafke shi. Audugar ciki ta zama siririya, tunda sanyinmu daga Disamba zuwa Fabrairu ne, bayan nan zafin da ke haura digiri 40 zai sa a jingine duk abu mai nauyi.

Wajen miƙawa, waɗanda raunin nasu ya yi tsanani galibi ba a garinku suke jinya ba. Wasu suna Sakkwato, inda hedikwatar Runduna ta 8 take, wasu an wuce da su asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna. Ku nemi reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion ko ƙungiyar matan hafsoshin soja, NAOWA, su yi muku jagora, ku kuma tambayi asibitin ƙa'idarsa kafin ku ɗauki kaya. Waɗanda suke cikin gari kuwa, har da 'yan sa-kai da askarawan da suka nakasa, a kai musu gida cikin sirri, ba taro, ba ɗaukar hoto. In kuna son rana, 15 ga Janairu ce ranar tunawa da 'yan mazan jiya, kuma tana faɗowa a tsakiyar hunturu. Ku fara yanka tun kaka, ku soma da na ƙaninki, ku bar shi ya kwana da shi mako guda ya gaya muku abin da za ku gyara kafin ku ɗinka sauran.