Kafin Ku Ɗora Bodi a Kan Majuyi

Yarana, na ga kun ɗauki aikin farfaɗo da tsofaffin motoci da gaske, har kun yanka ƙarfe kun haɗa majuyin bodi irin na masu wannan sana'a a Amurka da Ingila: ƙafa ɗaya a gaba, ɗaya a baya, a ɗaure bodin a tsakani a riƙa mirgina shi kamar ragon gashi. Dabara ce mai kyau. Mai walda zai yi aikinsa a tsaye, ba sai ya kwanta rigingine tartsatsi na zubo masa a fuska ba. Sai dai garejinmu ba shi da injin ɗaga mota, kuma wajen ɗorawar nan ne mutum ke rasa yatsa, wani ma har ransa. Don haka ku ba ni kunnuwanku.

Ku fara rage mata kaya. A sauke inji da giyabos da ƙafafu, a cire gilasai da kujeru da batir. Tankin mai kuwa a fitar da shi can nesa, ko da babu ɗigo a ciki, domin tururin fetur da ya saura ya fi man kansa saurin kama wuta.

Sannan ku san irin motar da ke gabanku. Fijo 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, kamfanin Fijo na Kaduna da aka buɗe a 1975 kuma ya cika mana hanyoyi da ita, ba ta da shasi daban. Bodin shi ke ɗauke da kansa. In tsatsa ta ci daɓen ciki da gindin ƙofofi, ƙarfin ya tafi ke nan, kuna rataye shi ta kai da gindi zai lanƙwashe a tsakiya ba ku sani ba. Sai an gama fenti ku ga ƙofa ta ƙi rufuwa. Maganinsa shi ne, tun motar na zaune daidai, ku cire ƙofofi ku yi waldar bututun ƙarfe a kowane bakin ƙofa, ku gitta wasu a ciki daga wannan gefe zuwa wancan. Wurin da za ku ɗaure hannun majuyin, wato inda bamba ke kama jikin mota, ku ƙwanƙwasa shi da guduma. In ya yi taushi, a gyara shi tukuna. Kusoshin ɗaurin su zama sababbi masu lamba 8.8 a kai, ba tsintattu daga ƙasan benci ba.

Yanzu ɗagawa, kuma nan nake so ku fi natsuwa. A yi aikin a kan daɓen siminti shimfiɗaɗɗe, ba a rairayi ba. Ku tanadi guntayen katako masu kauri, ku riƙa jera su bibbiyu, kowane sahu ya gitta na ƙasansa. A ɗaga gaba taƙi ɗaya da jak, a tokare, a koma baya a ɗaga taƙi ɗaya, a tokare. Haka za a yi ta yi har a kai. Kada ku ɗaga abin da ba ku tanadar wa mazauni ba. Jak ma'aikacin ɗagawa ne, ba na riƙo ba. Man cikinsa na iya sulalewa ya sauke kaya a kan wanda ya amince masa. Bulon siminti ya fi shi mugunta, don katako yakan yi ƙara kafin ya gaza, bulo kuwa farat ɗaya yake rugujewa. In da sarƙar ɗaga inji za ku yi aiki, ku rataye ta a ƙafafun ƙarfe da kuka yarda da su, ku ƙyale reshen dalbejiya ya ba ku inuwa kawai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma in kun taru, baki ɗaya ne zai riƙa ba da umarni. Wanda ba shi da aiki ya ja baya, kuma kada kowa ya zura kai ko hannu a ƙarƙashi.

Tsayin da za ku kai ba da ka ake yanke shi ba. Faɗin 504 ya kusa mita 1.7, rabinsa santimita 85 ke nan, ga kuma kusurwar rufi da ta fi nisa. Ku auna daga majuyar, wato inda bodin ke juyawa, zuwa wuri mafi nisa a jikin bodin, ku ƙara ɗan sarari, don kada rufi ya daki ƙasa ana tsakiyar juyi. Kafin a zare katako, a haɗe ƙafafun majuyin biyu da doguwar sandar ƙarfe ta ƙasa, kada su buɗe.

Abu na ƙarshe shi ne daidaita nauyi. Mutane su riƙe gefe da gefe, a zare fil ɗin kulle, a ɗan karkata bodin kaɗan. In ya dawo tsaye da ƙarfi, nauyinsa ya yi ƙasa da majuya, sai a ɗan hau da bodin. In ya nemi kifewa, nauyin ya yi sama, wannan ne mai karya hannu, sai a sauko da shi. Kowane gyara za a yi, a mayar da katako tukuna. Alamar an dace ita ce mutum ɗaya ya juya shi da hannu, ya sake, ya tsaya inda aka bar shi.

Na san mai mota zai matsa muku, abokai kuma su ce kun cika tsoro. Ku bar su su faɗa. Motar da ta yi shekaru a yashe ba za ta lalace don an ƙara mata yini guda ba, ku kuwa iyayenku na jiran ku dawo gida da yatsunku goma. Allah ya tsare ku, ya sa albarka a sana'arku.