Me Ke Riƙe Jirgin Sama A Iska?

Mai sauraronmu daga Damagaram, ka tambayi yadda Boeing 747 mai nauyin kusan tan 400 yake tashi. To Malam, aikin fukafukai ne. Inji tura jirgi gaba yake yi. Da gudu ya kankama, fiffike, da yake a ɗan karkace yake, sai ya danna iska ƙasa, ita kuma ta cicciɓe shi sama har ta rinjayi nauyin. Miƙa tafin hannunka ta tagar mota tana gudu, ka ɗan ɗaga gabansa, za ka ji.

Juyawa kuwa, akwai faya-fayai masu motsi a bayan fukafukan: na dama ya ɗaga, na hagu ya sauka, jirgi ya kishingiɗa dama. Na wutsiya ke ɗaga hanci ko sunkuyar da shi.